Sanin iyaye mata kan cututtukan ƙananan yara da neman magani a ƙasar Hausa

Sanin iyaye mata kan cututtukan ƙananan yara fanni ne na binciken kiwon lafiyar al'umma da ke duba yadda uwa, ko duk wadda ke renon yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, take gane cewa ba shi da lafiya, da sunan da take ba ciwon, da abin da take fara yi masa a gida, da kuma inda ake kai shi da ranar da ake kai shi. Fannin yana da muhimmanci domin cututtukan da suka fi kashe yara a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu da ƙyanda da tamowa, duk suna da magani ko rigakafi mai sauƙin kuɗi. Yawancinsu kuma a gida suke farawa, inda uwa ce mutum ta farko da za ta lura. Da wuya a sami uwar da ba ta gane cewa ɗanta ba ya jin daɗi ba. Wahalar tana wajen fassarar da aka yi wa alamar, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin yaron ya isa hannun wanda ya san aikin.

Girman matsalar

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa yara miliyan 4.9 ne suka mutu a duniya a shekarar 2022 kafin su cika shekara biyar, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan asara. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya gano cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye babban bambanci: a jihar Kebbi ya kai 252, a jihar Ogun kuwa 30 ne. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya kawo adadin ƙasar zuwa 110.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne kan gaba a lokacin damina. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da ya fi yi wa kisa, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Damina kuma ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanyoyin ƙauye suka lalace, manya suna gona. Saboda haka zazzaɓi da ƙarancin abinci da wahalar tafiya sukan haɗu wa yaro a wata ɗaya.

Yadda ake fassara ciwo

Hausawa suna da sunaye masu yawa na cututtukan yara, sai dai rabon da suka yi wa cututtukan bai yi daidai da na asibiti ba. Masana irin su Murray Last da Lewis Wall, waɗanda suka yi bincike a yankin Malumfashi, sun nuna cewa mutane ba sa riƙe wa tsarin magani guda ɗaya. Gida ɗaya yana iya amfani da sassaƙe da rubutu da ƙwayar kemis a kan ciwo ɗaya, ba tare da ganin wani saɓani ba. Abin da ke nuna inda za a fara shi ne sunan da aka ba ciwon.

Kalmar zazzaɓi ta game kowane zafin jiki. Uwa takan gane shi da tafin hannu tun kafin kowa, amma zafin jiki alama ce kawai, ba cuta ba. Yana iya zama cizon sauro, yana iya zama ciwon huhu, ko ciwon kunne, ko farkon ƙyanda, ko sanƙarau. Tun daga shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jinin duk wanda ake zargin yana da zazzaɓin cizon sauro kafin a ba shi magani, kuma a fara maganin cikin awa 24 da fara ciwon. A aikace, yara da yawa farasitamol ake fara ba su. Jiki ya yi sanyi, a ɗauka an samu sauƙi, alhali ƙwayar cutar tana nan tana ƙaruwa a cikin jini.

Babu fassarar da ta kai ta haƙori jawo jinkiri. Idan yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu ya kama gudawa da zazzaɓi, sau da yawa akan ce haƙori yake yi, kuma abin da aka ɗauka matakin girma ne ba a gaggawar kai shi asibiti. Fitar haƙori tana iya sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin ya zo daidai da sa'adda yaro ya fara rarrafe, yana kai duk abin da ya samu baki, an fara ba shi koko da kunu, kuma kariyar da ya samu daga jikin uwarsa ta fara raguwa. Wannan imani ya buɗe kasuwar magungunan haƙori. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani irin wannan magani mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya ta hanyar lalata musu ƙoda, kuma Zariya tana cikin garuruwan da aka fara gano abin.

Gudawa kanta ba a cika jin tsoronta ba, domin kusan kowane yaro yana yin ta. Abin da ke kisa a cikinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. Alamominsa su ne faɗawar ido, da bushewar baki, da ƙishirwa mai tsanani, da raguwar fitsari, da fatar cikin da idan an tsungule ta ba ta komawa da sauri. A jarirai maɗiga takan lotsa. A wurare da dama ana ɗaukar lotsawar maɗiga a matsayin ciwo mai zaman kansa, a shafa mata haɗin magani a ka, alhali ruwa ne yaron yake buƙata ta baki. Akwai kuma masu rage wa yaro nono ko abinci don cikinsa ya huta, wanda hakan ke ƙara masa rauni ya kai shi ga tamowa.

Ciwon huhu, wanda wasu ke kira ciwon haƙarƙari ko limoniya, ya fi sauran wuyar ganewa a gida, domin yana farawa kamar mura da tari. Akan danganta shi da sanyi ko iskar hunturu, a rufe yaro da tufafi masu kauri, a shafa masa man zafi. Alamar da ke raba shi da mura ita ce saurin numfashi da lotsawar ƙasan ƙirji idan yaro ya ja iska. Ma'aikatan lafiya suna ƙirga numfashin na minti ɗaya cur, yaro yana kwance bai kuka: 60 ko fiye ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu, 50 ko fiye daga wata biyu zuwa wata 11, sai 40 ko fiye daga shekara ɗaya zuwa biyar. Uwar da ba ta da agogo tana iya ɗaga rigar yaron ta dubi ƙirjinsa, kuma wannan kallon kaɗai ya isa ya sa a tashi tafiya.

Jijjiga ita ce alamar da ta fi firgita gida, ita ce kuma aka fi kai wa wurin da bai dace ba. Yaron da idonsa ya kafe, jikinsa ya sandare, akan ce iska ce ta taɓa shi, ko mayu, ko kambun baka, sai a nufi malami ko mai maganin gargajiya a yi tofi da turare. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, kuma malamai da yawa su da kansu suke cewa a tafi. Haɗarin yana cikin awannin da ake ɓatawa, domin jijjiga tare da zazzaɓi tana iya zama cizon sauron da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. Cusa cokali a bakin yaro, ko ɗura masa ruwa yana cikin jijjiga, ko kanga ƙafarsa ga wuta, duk suna ƙara masa illa. Abin da ake so shi ne a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi, a ɗauke shi. Ba kuma kowace jijjiga ce ta sauro ba: a shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara kimanin 400 sun mutu da irin wannan alama, daga baya aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje.

Ƙyanda, ko baƙon dauro, kowace tsohuwa ta san ta da gani. Sai dai sanin nata ya zo tare da al'adar ɓoye yaron a ɗaki har ƙurajen su gama fitowa, da tsoron cewa allura za ta mai da cutar ciki. A wannan zaman ɗakin ne ciwon huhu ko gudawa ko ciwon ido ke samun yaron. A asibiti ana ba mai ƙyanda sinadarin bitamin A, wanda ke rage mutuwa da makanta. Rigakafinta a Najeriya ana yin sa ne a wata tara, a maimaita a wata 15.

Alamomin haɗari

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yaro gaba ɗayansa maimakon bin cuta ɗaya-ɗaya, kuma Najeriya da Nijar duk sun karɓe shi. Tsarin ya ware alamomi huɗu da ke nuna cewa yaro yana bakin haɗari ko mene ne sunan ciwonsa: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi har ba a iya farkar da shi sosai. Ana ƙara wa iyaye da jini a cikin kashi, da wahalar numfashi, da farin tafin hannu mai nuna ƙarancin jini, da kumburin ƙafafu biyu. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta buƙatar uwa ta san sunan cutar, kuma ba ta tsaya gardama da ita kan ko haƙori ne ko iska ba.

Jariri ɗan ƙasa da wata biyu hukuncinsa daban ne. Ƙin kama nono, ko zafin jiki, ko sanyin jiki, ko ja da ruwa a cibiya, ko shawarar da ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, kowanne ya isa a tafi a ranar. Wannan lokaci ya faɗo cikin kwana arba'in na jego, sa'adda mai jego ba ta cika fita ba, kuma ungozoma da kaka su ne ke da ta cewa. A cikinsa ne kuma wanzami ke cire beli, aikin da kan jawo zubar jini ko shigar ƙwayar cuta.

Wa ke yanke shawara

Bincike da yawa yana tambayar uwa abin da ta sani kamar ita kaɗai ce ke da iko da yaron. A mafi yawan gidaje ba haka abin yake ba. Fita asibiti tana buƙatar izinin maigida da kuɗinsa, kuma idan ya tafi kasuwa ko cin rani, sai a jira shi ko a nemi wansa ko mahaifinsa. Wayar hannu ta rage wannan jira ƙwarai, amma ba ta kawo kuɗin ba. Uwar miji tana da babbar murya, musamman a kan amaryar da ke goyon fari, wadda ƙuruciya da kunyar ɗan fari kan hana ta nuna damuwa a fili ko ta musa wa babba. Sau da yawa yarinyar ta ga alamar daidai, aka ce mata ba ta san goyo ba.

Masu bincike sukan aro tsarin jinkiri uku da Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana a 1994 kan mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin isa wurin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Sanin uwa yana taɓa na farko ne kawai. Na biyu ya dogara da nisa da hanya da kuɗin babur ko mota. Na uku kuwa yana komawa ya shafi na farko, domin wadda ta taɓa yin tafiyar awa biyu ta tarar da ɗakin shan magani a kulle, ko aka yi mata tsawa a gaban mutane don ta makara, ko aka rubuta mata maganin da za ta saya a waje, ba za ta yi saurin komawa ba. Bai dace a kira wannan jahilci ba. Lissafi ne na wanda abin hannunsa kaɗan ne.

Amana ma tana da tarihinta. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa a 2003, sun bar shakku da ya daɗe a zukatan iyaye, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga kafin a shawo kan lamarin.

Kemis

A Najeriya wurin da aka fi fara zuwa a wajen gida shi ne kemis. Yana kusa, yana buɗe har dare, ba a yankar kati, yana ba da bashi, kuma ana iya aika yaro ko maigida ya karɓo magani ba tare da uwar ta fita ba. Illar ita ce sau da yawa mai kemis bai ga marar lafiyar ba, kuma gwargwadon kuɗin da aka kawo yake yanka maganin. Haka ake samun yaron da aka ba rabin maganin zazzaɓi, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan gudawar da ruwan ORS kawai take buƙata. Najeriya ta bar kulorakwin ta koma magungunan da ke ɗauke da sinadarin atemisinin tun tsakiyar shekarun 2000, saboda ƙwayar cutar ta daina jin na farkon. Waɗannan ana shan su kwana uku cikakku, amma akan tsaya da zarar jiki ya yi sanyi a ajiye sauran don gaba. Dokar ƙasa ta yarda masu kemis su sayar da wasu magunguna ne kawai, kuma shirye-shirye da yawa sun zaɓi horar da su maimakon yaƙar su, tunda can ɗin mutane ke zuwa. A Nijar, ban da kantunan magani, akwai masu tallar ƙwayoyi a kasuwa da kan tebur, waɗanda ba su da wani horo.

Karatun uwa

Tun a 1979 masanin ƙidayar jama'a John Caldwell ya nuna, da bayanan da aka tattara a yammacin Najeriya, cewa 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi rayuwa, ko da an daidaita arzikin gidajen. Bayaninsa shi ne karatu ba sunayen cututtuka kaɗai yake ba mace ba. Yana ba ta ƙarfin yin magana a gidan miji, da iya tsayawa gaban ma'aikacin asibiti ta yi tambaya. An sake samun wannan alaƙa a ƙasashe da yawa bayansa, kuma tana cikin dalilan tazarar da ke tsakanin arewa da kudancin Najeriya.

Abin da aka gwada

Ruwan gishiri da sukari shi ne misali mafi daɗewa na ilimin da aka miƙa wa iyaye mata kai tsaye. A Bangaladesh ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida daga 1980 zuwa 1990 tana koya wa mata haɗa shi, har ta kai ga gidaje kimanin miliyan 12. A Najeriya an yaɗa shi sosai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Yanzu an fi son ƙunshin ORS da ake zubawa a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, domin haɗin gida yakan yi gishiri da yawa. Inda babu shi, ma'aunin shi ne ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Daga 2004 aka ƙara da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, wadda ke rage tsawon gudawar da saurin dawowarta. Duk da haka binciken 2018 ya nuna kashi 40 cikin 100 ne kawai na yaran da suka yi gudawa a Najeriya aka ba ORS, ko da yake mafi yawan mata sun san sunansa. Wani dalili shi ne ORS ba ya tsayar da gudawa nan take, ruwan da ya fita yake mayarwa, kuma uwar da ba a yi wa wannan bayani ba takan ɗauka bai yi aiki ba.

Nijar ta bi ta hanyar rage nisa da kuɗi. Daga farkon shekarun 2000 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a ƙauyuka, a 2006 kuma gwamnati ta mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ƙaruwar kai yara wurin magani tana cikin dalilan, tare da gidan sauro da bitamin A da kula da tamowa. Matan ƙauyen ba su sauya cikin shekara goma ba. Asibitin ne ya matso kuma ya daina karɓar kuɗi. Daga baya jinkirin da gwamnati ke yi wajen biyan asibitoci kuɗin maganin ya sa magunguna suna yankewa a wurare da dama.

A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da wani ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya, ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ba a buƙatar iya karatu kafin a yi amfani da shi. Binciken da aka yi a can a 2013 da 2014 ya nuna awon matan bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, kuma yaran da uwayensu suka gano sun iso da wuri, kaɗan ne daga cikinsu suka buƙaci kwanciya a asibiti. Daga baya an ɗauki wannan hanya a ƙasashe da yawa, har da arewacin Najeriya.

Rigakafin zazzaɓin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 don ƙasashen Sahel, shi ma a hannun uwa yake ƙarewa. Ana bin gida-gida sau ɗaya a wata a cikin damina ana ba yara daga wata uku zuwa wata 59. Mai rabon yana ba da na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwar na rana ta biyu da ta uku. A Najeriya an fara shi a jihar Katsina a 2013. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuwa ta shiga tsarin rigakafin yara a Nijar da Najeriya a 2024, inda Najeriya ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa. Ana yin ta sau huɗu, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro ko gwajin jini idan yaro ya yi zazzaɓi.

Yadda ake auna shi

Mafi yawan alƙaluman wannan fanni daga tambayoyin gida-gida suke fitowa. Ana tambayar uwa ko yaronta ya yi zazzaɓi ko gudawa ko tari mai saurin numfashi a cikin mako biyu da suka wuce, da inda aka kai shi, da abin da aka ba shi. Hanyar tana da rauni. Amsar ta dogara da abin da uwar ta tuna da kalmar da mai tambaya ya yi amfani da ita, kuma binciken da aka yi da rani ba zai yi daidai da na damina ba. Wasu ƙididdigar suna haɗa kemis da asibiti a matsayin neman magani, wasu suna raba su, wanda hakan ke sa adadin ƙasa ɗaya ya bambanta daga rahoto zuwa rahoto. Don cike wannan giɓi akan yi hira da iyalan yaran da suka rasu, a bi diddigin ranar da ciwon ya fara, da wanda aka fara nema, da kwanakin da suka wuce kafin a isa asibiti.